Alfa ta Cronbach ta ƙi hawa, sutnans (ranar kare bincikena) ya matso, don Allah a ba ni shawara

Ƴar_Birni

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka. Don Allah masu sanin harkar ƙididdiga ku taimaka min wlh kwana uku kenan ba na barcin kirki. Ina masta 2 ne fannin jestiyon, wato gudanar da ma'aikata da kasuwanci, a nan Damagaram, memuwar ɗina, wato kundin binciken kammala karatu, a kan yadda halin maigida a wurin aiki yake shafar riƙon da ma'aikaci yake yi wa wurin, wato ko zuciyarsa tana nan ko kuwa jira kawai yake ya samu wani wuri ya kama gabansa. Na zaɓi ƙananan sana'o'i guda 14, gidajen burodi da shagunan tela da dukawa masu aikin fata da garejin gyaran mota da masu ruwan leda, wasu a Birni wasu a Zango wasu Sabon Gari da gefen kasuwar Dole, kowane wuri mutum 12, gaba ɗaya mutum 168.

Ma'aunin da na ɗauka shi ne na Allen da Meyer na 1990, ɓangaren riƙon zuciya mai tambaya 8, na samu fassararsa ta Faransanci na sa a kesiyoner, wato takardar tambayoyi, amsa daga 1 zuwa 5. Da yake yawancin mutanen ba su yi lakol mai nisa ba sai na ɗauki samari uku anketer, wato masu yi wa mutane tambayoyin, suna karantawa suna fassara musu da Hausa nan take suna cikawa, sati uku ana yi cikin zafin nan, kuɗin isansi da na abincinsu kawai ya ci min jika 90 ban da fotokofi.

To yanzu na shigar da komai a SPSS, manhajar ƙididdiga, na juya amsoshin tambayoyi huɗu cikin takwas ɗin da aka rubuta da korewa, masu "ba", kamar yadda aka koya mana, 5 ta koma 1, 4 ta koma 2, amma alfa ta Cronbach, lambar da take nuna ko amsoshin tambayoyin suna tafiya tare, ta fito 0,41 kacal alhali 0,70 ake nema. Kuma da na yi analiz faktoriyel, lissafin da yake haɗa tambayoyin da suke tafiya tare gida ɗaya, sai tambayoyin suka rabu gida biyu, huɗu masu "ba" gefe guda sauran huɗun gefe guda, alhali abu ɗaya ya kamata su auna. In na cire masu "ba" ɗin alfa tana tashi 0,79. Wani ma ya ce in kawo masa fayil ɗin da jika 25 zai gyara min lambobin komai ya fito tsaf, na ƙi, don ba zan iya tsayawa gaban juri, malaman da za su duba aikin, da abin da na san ba haka yake ba. Tambayata ita ce, ya halatta in cire huɗun nan in ci gaba da regresiyon ɗina, wato lissafin alaƙar halin maigida da riƙon ma'aikaci? Ko akwai wata hanya? Wata biyu ya rage min in ajiye.

Ɗan_Zango

Wa alaikumus salam ƙanwata, ki kwantar da hankalinki wannan ba komai ba ne, ni ma bara haka ta faru da ni. Akwai wani layi a tablon SPSS da yake nuna miki nawa alfa za ta zama in kin cire kowace tambaya, ki bi shi ki cire har ta wuce 0,70 shikenan, ke da ma kin samu 0,79 to mi ya rage? Bayan haka ki koma SmartPLS, wata manhajar lissafi, don shi ba ya neman mutane da yawa kuma ba ruwansa da ko lambobin sun bi normal, tsarin rabuwar da lissafi ya saba nema, ko ba su bi ba, ki zana model ɗinki da kibiyoyi ki danna ya fito miki da komai, in AVE, lambar da take nuna yadda tambayoyin suka kama abin da ake aunawa, ta wuce 0,50 ki sa Fornell da Larcker 1981 a ƙasa a matsayin madogara. Juri abin da suke dubawa kenan gsky, kowa haka yake yi. Kin kyauta da kika ƙi ba mutumin nan kuɗinki, wannan haramun ce tsantsa. Allah ya ba da sa'a.

Malam_Lissafi

Salamu alaikum. Ɗiyata sannu da ƙoƙari, kuma Allah ya yi miki albarka da kika ƙi sayen lambobi. Ɗan_Zango na san taimako ka yi nufi amma ban yarda da shawararka ba, bari in faɗi dalili ko da zan ɗan tsawaita.

Da farko a san mi alfa take faɗa. Lee Cronbach ya fito da ita a 1951, kuma abu biyu kawai take dubawa, yawan tambayoyi da yadda amsoshinsu suke tafiya tare. Ki ɗauki biro ki gwada, tambaya 4 da matsakaicin alaƙarsu ya kai 0,40 suna ba da alfa wajen 0,73, amma tambaya 20 da alaƙarsu 0,15 ce kacal, wato kusan ba su san juna ba, suna ba da 0,78. Kin ga kenan alfa mai tsawo ba ta nufin tambayoyin abu ɗaya suke aunawa, balle ta ce abin da kike nema shi suka auna. Shi ma 0,70 ɗin da kowa yake rantsuwa da shi daga Nunnally ne 1978, kuma shi cewa ya yi ya isa a matakin farko na bincike, in an yi nisa a nemi 0,80, in kuma hukunci za a yanke a kan mutum ɗaya ɗaya kamar ɗaukar aiki to 0,90 zuwa sama. Ba aya ba ce.

Ki je kasuwar Dole wurin masu hatsi, ki samu tiyar da aka buga gindinta ya shige ciki. Sau ɗari a auna miki gero da ita sau ɗari abu ɗaya za ta ba ki, ba ta saɓawa, amma ba tiya kika saya ba. To alfa tsayuwar awo kawai take gani, ba ta ganin gindin kwanon. Tsorona da 0,79 ɗinki kenan. In mutum ana tambayarsa yana cewa eh, haka ne, eh, haka ne, saboda kunya ko ladabi ko gajiya, tambayoyi huɗun da suke fuskantar gaba duka za su fito 4 da 5 kuma alfa za ta yi kyau, masu "ba" ɗin ma zai ce musu eh, ke kuma ki juya su su koma 1 da 2, sai su rabu gida biyu daidai yadda kika gani. Wato mai yiwuwa faktar nan biyu, wato gidaje biyun da tambayoyin suka rabu, ba riƙon zuciya iri biyu ba ne, siffar tambaya ce kawai. Masu "ba" ɗin da kike son zubarwa su ne suka tona miki cewa akwai matsala, in kin cire su matsalar tana nan, kin dai daina ganinta ne.

Sannan ki duba inda ma'aunin ya fito. Natalie Allen da John Meyer a Kanada suka gina shi, a kan ma'aikata masu kontira da albashin wata waɗanda suke karanta takarda su cika da kansu. Akwai tambaya a ciki da take nufin mutum ba ya jin kansa kamar ɗan gida a wurin aikin. Ki kai wannan shagon baduku a Birni inda yaron shagon ɗan ƙanen maigida ne, a gidansa yake ci yake kwana, mi kike so ya ce? A can kalmar iyali kwatance ce, a nan gaskiya ce tsagwaronta. Wata kuma tana tambaya ko zai yi farin cikin ƙare rayuwar aikinsa a wurin, alhali yaron tela burinsa na halal shi ne a yaye shi ya buɗe nasa shago da albarkar maigida, wanda ya ce a'a a nan ba rashin riƙo ba ne, ƙila ma shi ya fi kowa son maigidan.

Abin da ya fi damuna shi ne fassara nan take. Samari uku fassara uku kenan, ko ma fiye, don wanda ya fassara da safe ba lalle ya maimaita kalmar da yamma ba. Ƙa'idar da Richard Brislin ya bayyana tun 1970 ita ce wani ya fassara zuwa Hausa a rubuce, wani daban da bai ga na asali ba ya mayar da shi Faransanci, a aza biyun a ga inda suka saɓa, a gyara, sannan kowa ya karanta jimla ɗaya tak. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma kar ki ɗauka raunin awo a shafin alfa kawai yake tsayawa, yana bin ki har cikin regresiyon. Spearman ya nuna wannan tun 1904. A ce alaƙar gaskiya tsakanin halin maigida da riƙon ma'aikaci 0,50 ce, awonki ɗaya tsayuwarsa 0,80 ɗayan 0,41, abin da za ki gani a allo wajen 0,29 ne kawai. PLS kuwa, hanyar lissafin da SmartPLS yake bi, wanda asalinsa aikin Herman Wold ne, zai ba ki lambobi ko da mutum 30 kika zuba masa, amma fitowar lamba ba ita ce ingancinta ba, ba zai mayar da eh ɗin ladabi ta zama ra'ayi ba.

Abu ɗaya nake so ki yi yau in kuran bai ɗauke ba. Ki raba fayil ɗin gida uku bisa anketer, ki fitar da alaƙar tambayoyi takwas ɗin na kowane daban, ki zo ki faɗa mana.

Ƴar_Birni

Na gode Malam Allah ya ƙara girma, wlh maganar ɗan gida ɗin nan ta taɓa ni don na tuna a wani shagon dukawa da na raka su wani yaro da aka yi masa wannan tambayar sai ya ɗago ya dubi anketer ɗin ya ce "ai kawuna ne", anketer ya ce to 1 zuwa 5 fa, ya ce sa duk wanda ka ga dama. A lokacin ban ɗauke shi komai ba. Sa'ar da na yi na rubuta sunan anketer a saman kowace takarda saboda biyan kuɗi, amma ban shigar da shi kwamfuta ba, yau da dare zan zauna in bi takardun 168 in ƙara layin. Amma Malam ni yanzu ba ni da kuɗin sake anket gaba ɗaya gsky, abin da ya sa hankalina ya tashi kenan.

Tanti_Anket

Salam. Ni ban yi zurfi a lissafin model ba kamar Malam amma na fi shekara 10 ina yawon anket daga Mirriya zuwa Magariya, Matamai har Tanut, to bari in faɗa miki abin da idona ya gani ɗiyata.

Bahaushe in ka ce masa ina aiki mi zai ce? Da godiya. Ko wata uku ba a biya shi ba da godiya zai ce. To ke kin zo da takarda kina tambayarsa ko ya gamsu ko zuciyarsa tana wurin, shi a kunnensa gaisuwa ce, kuma mutum mai tarbiyya ba ya amsa gaisuwa da ƙorafi, balle a ce ya raina abincin da Allah ya ba shi. Na taɓa tambayar wata mata mai share-share a wani wurin aiki ko tana jin daɗin aikinta ta ce alhamdulillahi, na sa 5, muna gamawa na rufe takarda na sa biro a jaka sai ta riƙe min mayafi ta ce don Allah in na ji wani wuri ana neman mai shara in tuna da ita, bayanta ya ƙare kuma kuɗin ba ya kai ta rabin wata. Har yau ina tuna 5 ɗin nan da na rubuta. Kalmomin ma ba ɗaya ba ne, gamsuwa daban, jin daɗi daban, godiya daban, haƙuri daban, wadar zuci daban, duk anketer yana iya jawo kowace a ciki ya ce ita ce fassarar kalma ɗaya ta Faransanci.

Tambaya ta biyu, a ina aka yi hirar? In a cikin shago ne maigida yana zaune kan benci yana jan carbi yana ji, to ba ra'ayin yaro kika ɗauka ba. Mu mukan ja mutum gefe ƙarƙashin bishiya ko a bari sai an tashi, kuma a faɗa masa tun farko sunansa ba zai fito ba kuma ba mu zo da taimako ko rabon komai ba, don in ya zaci akwai rabo nan ma amsar ta karkace ta wani gefen.

Shi kuma 1 zuwa 5 ɗin, Likert da ya kawo shi a 1932 masu karatu ya ba takarda. Wanda ake karanta wa da baki ba zai riƙe zaɓi biyar a ka ba, na ƙarshe da ya ji ko na farko shi zai kama. Abin da muke yi shi ne a raba tambayar biyu, a ce haka ne ko ba haka ba ne, in ya zaɓa sai a ce kaɗan ko sosai, kin ga an samu matakan ba tare da an ruɗa shi ba. Wani lokaci tsakuwa biyar muke zubawa a ƙasa mu ce ɗebi gwargwadon yadda abin yake a ranka. Kuma jimla mai "ba" a Hausa masifa ce a anket, ka ce wa mutum "ba ka jin kai ɗan gida ne" ya ce eh, to eh ba ya ji ko eh yana ji? In ya ce a'a ma haka. Ni kaina sai na sake tambaya.

Ba sai kin sake duka ba. Ki samu mutum 10 ko 15 cikin waɗanda aka riga aka tambaya, ki zauna da kowane ki karanta masa tambaya ki ce faɗa min da bakinka mi ka fahimta, mi ya sa ka ba da wannan amsa. Ki naɗa a salula in sun yarda. Kwana huɗu ya ishe ki kuma ba zai ci kuɗi ba sai na kabu-kabu. Sannan ki tambayi abin da ake gani da ido, kwana nawa ka yi fashi watan jiya, ka taɓa neman aiki wani wuri bana, in ƙanenka yana neman sana'a za ka kawo shi nan? Wannan ta ƙarshen tana fito da gaskiya fiye da yadda kike zato.

Ɗan_Zango

Malam da Tanti na ji kuma na ƙaru wlh, ban san zancen Nunnally haka yake ba. Amma a duba mata lokaci, wata biyu ne fa, kuma in ta rubuta a memuwar cewa ma'auninta bai yi aiki ba ai juri za su ce aikin ya faɗi, ba gara ta cire huɗun ta yi shiru ba? Ba gardama nake ba tsoro nake ji mata.

Malam_Lissafi

Tsoronka a kan hanya yake ɗana, amma cirewa ba laifi ba ne, shirun ne laifi. Meyer da Allen da kansu tare da Smith sun rage ma'aunin zuwa tambaya 6 a 1993. Tana iya cirewa in ta nuna dalili daga hirar da Tanti ta ce, ta kawo sakamakon da 8 da kuma da 4 gefe da gefe kowa ya gani. Na zauna a juri ba sau ɗaya ba, ɗalibin da ya ce ga inda awona ya karye ga dalili ga abin da na yi a kai, ya fi burge ni a kan mai tablo tsaf wanda in ka ce masa mi AVE take nufi sai ya dubi silin.

Akwai abu biyu kuma da ban taɓo ba ɗiyata, kuma za su iya fin alfa cizo. Mutanenki 168 ba ɗaiɗai suke ba, 12 suna ƙarƙashin maigida ɗaya, suna cin tuwo ɗaya suna shan faɗa ɗaya, amsoshinsu za su yi kama. Regresiyon na yau da kullum yana ɗauka kowa zaman kansa yake. Lissafin Kish na gano mutum nawa kike da su a zahiri mai sauƙi ne, a ce kashi 20 cikin 100 na bambancin amsa daga shago yake zuwa, sai ki yi 1 a tara da 11 (wato 12 a cire 1) sau 0,20, ya ba ki 3,2, ki raba 168 da shi, kin koma kamar mai mutum 52 ko 53. In ba ki kula da wannan ba p, lambar da ake dubawa a ga ko sakamako ba dace kawai ba ne, za ta fito ƙarama ta ce miki kin gano abu alhali ba lalle ba. Kuma halin maigida, masu gida nawa kike da su? 14 ne. Don haka model mai hawa biyu ya kamace ki, ma'aikaci a ƙasa shago a sama, SPSS yana yi, jamovi da R ma suna yi kuma su kyauta ne, amma da shago 14 ki yi magana da taka tsantsan, kar ki cika masa kaya.

Na biyu, mutum ɗaya ne ya faɗa miki halin maigida shi ne kuma ya faɗa miki riƙonsa, a zama ɗaya, da bakin anketer ɗaya. Wanda ya tashi da farin ciki ko mai yawan cewa eh zai ɗaga duka biyun, sai alaƙa ta fito wadda hanyar tambaya ce ta haife ta. Podsakoff da abokan aikinsa sun yi dogon bayani a kai a 2003, kuma a nan ne suka ce gwajin Harman na fakta ɗaya, wanda ake yi don duba wannan matsala kuma ɗalibai suke fakewa da shi, ba ya maganin komai. Maganin da kike iyawa da ɗan abin hannunki shi ne ki koma shagunan 14 ki tambaya cikin waɗanda aka yi hira da su wa yake nan wa ya tafi, wannan ba ra'ayin kowa ba ne. Kuma a rubutunki ki ce suna tafiya tare, kar ki ce wannan ne ya haddasa wancan, anket na lokaci ɗaya ba ya ba ki wannan ikon. Ki kai wa ankadirer ɗinki, malamin da yake kula da aikinki, duk wannan kafin ki canza komai.

Ƴar_Birni

Malam, Tanti, na raba fayil ɗin jiya har ƙarfe 2 na dare. Na anketer biyu alfa ta fito 0,58 da 0,61 amma na ukun ta fito ƙasa da sifili, masu "ba" ɗin duk sun juya baya. Na kira shi da safe na ce ya faɗa min yadda yake karanta tambayar ɗan gida, sai ya ce shi wlh nauyi yake ji ya ce wa mutum ba ka jin kai ɗan gida ne a gaban mutane, sai yake cewa "kana jin kai ɗan gida ne ko?" ya rubuta amsar yadda ta zo, haka ya yi wa duka huɗun a takardunsa 56. Wato shi ya riga ya juya su da baki ni kuma na zo na sake juyawa. Ban yi masa faɗa ba don ni ce ban ba su fassara a rubuce ba.

Yanzu Malam in bar nasa 56 ɗin ba juyi in rubuta dalili, ko in ware su in yi lissafi da su da kuma ba su? Kuma shi ne ya yi duk shagunan Zango, to ya zan bambance tasirinsa da na unguwar? Tanti na fitar da sunan mutum 12 da zan koma wurinsu, in kina gari ranar Asabar bayan la'asar don Allah ina so in kawo miki fassarar Hausar ki duba min kafin in fita da ita.